Batirin da Aka Yi wa Jere

Ni dai cikin tafi-da-gidanka aka kai ni aure, kuma har yau in na faɗa sai a ɗauka zolaya nake. Maigidana malamin gona ne a Kusada a shekarun da kuɗin mai suka fara zubowa, lokacin da gwamnati ke sayen abin da ta gani da wanda ta ji labarinsa. Cikin kayan da aka sayo har da wannan ɗaki mai taya biyu, wanda jif ke ja in za a fita rangadi. Gidan da aka yi masa alkawari kuwa gini ya kai linta ya tsaya. Da biki ya matso sai ya ce a kai amarya tafi-da-gidanka kafin a yi rufi, ai mako biyu ne. Bai nemi izinin ofis ba. Aka girke ta a gindin tsamiya bayan rumbun taki, aka kewaye da zana.

Mutanenmu na Tafashiya suka yi ta tausaya mini, ni kuwa murna ta hana ni cin tuwo. Ɗaki ne mai fitilar da ba ta shan kananzir, da fanka, da famfon da ake danna maɓalli ruwa ya zubo, duk batir guda ke riƙe da su. Dama Allah ya yi ni da dariya. Ranar kai amarya ƙawaye na ta mintsinina in yi kuka, ni ina cikin mayafi ina tunanin fanka, kafaɗuna na rawa. Tsofaffi suka ce ayya, yarinya ta san darajar gidan ubanta.

Gwaggona ce ta jagoranci jere. Ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu, kuma a jere ba ta da na biyu a ƙauyenmu. Dokarta guda ce: duk abin da ke cikin ɗakin amarya sai ya juyo da kyakkyawar fuskarsa wajen ƙofa. Da ita da mata biyar suka wuni a ciki kafin a kawo ni. Suka bi ɗakin gwamnati da kwanoni da tasoshi har rufi, ko'ina aka shimfiɗa ɗan kyalle mai saƙar hannu.

Mai jan tafi-da-gidankan wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Direba. Tsohon soja ne, ya ga yaƙin Bama na zamanin Turawa, ya dawo ya kama tuƙin gwamnati. Shi ke kai batir caji Kankia duk mako, ya dawo ya ɗaura da hannunsa, kuma kwana biyu kafin biki ya yi hakan. Saura masa wata huɗu ya aje aiki. Ba shi da zance sai na takardar sallama: yana so ya karɓe ta fes, babu tabo, don bai taɓa ko gogar da motar gwamnati ba.

Washegari da hantsi ango ya tashi nuna mini duniya. Ya danna fitila, ta kama, na tafa. Ya danna fanka, ta ɗau gudu, na kai fuska gabanta na lumshe ido, shiru. Sai kyallen Gwaggo da ke bayanta ne ke ta tashi sama, iskar duk bango take bai wa. Ya danna famfo, ya yi gurnani ya ɗiga sau uku. Ni a nan dariya ta riga ta kwance mini, ina riƙe da ciki. Don ya wanke kunyarsa sai ya jawo rediyon oba-oba, wadda yake magana da ofishin Kankia da ita, ya ce bari in ji muryar mutum daga mil goma. Ya murɗa. Muka ji ɗas, sai ƙauri kamar an babbake kan akuya.

Da na ga fuskarsa dariyar ta tsaya. Ya ce rediyon nan akwai lambarta a ofis, dole a rubuta wanda ya lalata ta, kuma wanda aka rubuta korarsa za a yi. Wanda ya taɓa batir na ƙarshe kuwa Baba ne. Maigida ya hau babur ya tafi rabon taki Bauranya, ya ce in ya dawo da la'asar zai rubuta.

Ba a jima ba na ji sallamar Baba a bakin zana. Na ce ya shigo ya duba. Ya ce Allah ya kiyaye, shi da ya haifi sa'ata ya taka ɗakin amarya ko kwana bakwai ba ta yi ba. Ni ma ba ni da halin fita. Sai ya zagayo ya tsuguna ƙarƙashin taga, ya jingina bayansa da taya, yana kallon tsamiya.

"Ɗiyata, ke za ki zam idona da hannuna. Abin da kika gani shi za ki hwaɗa mani, kada ki ƙara, kada ki rage."

Wannan aiki ya yi mini daɗi fiye da bikin. Ya sa na buɗe wani ɗan akwati bayan ƙofa, sai da na sauke tasoshi tara kafin in kai gare shi. Fis huɗu ne a ciki, ƴan kwalaben da ke ƙonewa in wuta ta yi gardama. Na ciro su ɗaya ɗaya ina ɗagawa ga haske, uku siririyar wayarsu na nan, na rediyo ya yi baƙi ƙirin. Ya ce to. Ya tambayi fitila, na ce lafiyarta lau. Ya ce fitila ba shaida ba ce, ita duk ta inda wuta ta zo mata ci take. Ya tambayi fanka, na ce ta yi fushi da ni, bango take yi wa fifita. Sannan ya ce in kawo ruwa a tasa, in zuba gishiri mai yawa.

Na ce, "Baba, miya za mu yi?"

Na ji shi yana danne dariya, yana tari. Ya miƙo mini sukundireba ta taga ba tare da ya waiwayo ba. Na kashe fanka, na kwance wayoyinta biyu, ja da baƙa, na tsoma bakinsu cikin sabuwar tasata mai furanni, nesa da juna kamar yadda ya ce, sannan na danna maɓalli da gwiwar hannu. Sai ga ƴan ƙananan kumfa suna tasowa daga waya guda. Na yi tsalle har ɗakin ya girgiza a kan tayoyinsa, kwanoni suka amsa.

"Wace ce ke kumhwa?"

"Jar, Baba."

"Duba da kyau. Baƙar ya kamata."

Jar ce. Ya ce wutar ɗakin nan gaba ɗaya a juye take, kuma wuri guda ne ake juya ta. In nemi batir ƙarƙashin bencin da ke fuskantar ƙofa.

Na kwashe kwanoni, na ga an cire murfin gaban bencin an mai da wurin kantar jera kwanoni. Ga batir zaune a tsakiya, an goge shi da man gyaɗa yana ƙyalli, an ɗora masa kyalle mai bakin leshi, gefensa mai rubutun zinariya na kallon ƙofa. Na ɗaga kyallen. Kawunan batir biyu ne, ɗaya ya fi kauri. Mariƙin wayar da bai isa ya shiga mai kaurin ba an buga shi da ƙarfi har ya lotsa, na san aikin muciya in na gan shi. Ɗayan da ya yi yawa an cusa masa abu don ya kama. Tsinken kitson Gwaggo ne, na ƙarfe, mai ɗan lanƙwasa a kai. Da shi ta yi ta tsaga mini kai shekara goma sha huɗu.

Na zauna a ƙasa na yi dariya har hawaye, ina hango ta da ɗamara tana dukan batirin gwamnati don ya ƙi juyo da fuskarsa. Daga nan kuma tsoro ya kama ni, na gaske. In na faɗa, na tona matar da ta raine ni a gaban dangin miji tun kwana ɗaya, kuma ofis zai san an aje amarya a ɗakinsu. In na yi shiru, Baba ya tafi.

Bai tambaye ni abin da na gani ba. Ya dai ce in cire mariƙan, in juya batirin rubutu ya kalli bango, ja ta hau mai kauri. Na yi ta kokawa da shi, nauyinsa ya kai buhun gero rabi, lallena ya sha baƙin mai. Ya miƙo sabon fis. Fanka ta juyo ta busa mini iska a fuska har ɗankwalina ya zame, famfo ya feso ruwa ya jiƙa katifa, ina ihu ina ba shi labari. Rediyo kam ko tari ba ta yi ba. Ya ce ita ta riga ta tafi.

Da la'asar maigida ya dawo, na ji su a gindin tsamiya. Ya zauna kan babur ya ɗora takarda a tanki. Baba ya tsaya ƙiƙam irin ta soja, ya ce an gano ciwon, batir aka ɗaura a juye.

"Ni na ɗaura shi, ranka shi daɗe. Tsuhwa ne. Rubuta."

Muryarsa ba ta yi rawa ba, tawa zuciyar ce ta karye. Amaryar kwana ɗaya ba ta ɗaga murya, balle gaban maza. Na zura kaina ta taga, ba mayafi, fuska duk baƙin mai, na ɗaga tsinken kitso sama.

"Malam, ba shi ba ne. Mu ne. Jere aka yi mashi."

Maigida ya dubi tsinken, ya dube ni, ya ce wa aka yi wa jere. Na ce batir. Ya kifa kansa a kan tankin babur, bayansa na girgiza, ban san kuka yake ko dariya ba, ina jin shi ma bai sani ba. Baba ya yi ta cewa amarya ba ta san abin da take faɗa ba, a rubuta shi. Maigida ya ɗago ya share ido, ya rubuta sunan kansa, ya rubuta cewa iyalinsa ya aje a ciki.

Cikin mako aka aiko masa da takardar tuhuma, aka ce a dawo da tafi-da-gidanka Kankia. Baba ne ya ja ta, ya bar ni da kwanonina a kan tabarma gindin tsamiya, muka koma wani shagon aro da jinka ke yoyo. Fankata kwana shida na sha ta. Gwaggo ta ji labari ya zaga Tafashiya, ta ɗauke mini ƙafa da magana sai da na haihu. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ban ga laifinta ba.

Bayan wata huɗu na ji sallama a ƙofar shagon. Baba ne, da farar riga wankakkiya, ya biyo motar haya tun daga Kankia. Ya ciro takarda daga cikin hularsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce shi bai yi boko ba, akawu ya karanta masa a ofis amma da sauri. Na karanta masa a hankali da ɗan bokon da na yi, ina mayar masa da Hausa, har inda aka ce ya yi aikinsa babu laifi ko ɗaya. Ya sunkuyar da kai.

"Ɗiyata, koma wurin nan. Sake karanta mani."