Kawu Mofiz, Mai Ɗanɗana Kogi

Ƙarshen watan nan Kawu Mofiz Gazi zai ajiye makullin ƙofar ruwan ƙauyenmu, kuma ina tsoron yana juya baya gishiri zai shigo mana.

Shekara talatin da ɗaya, duk safiyar da teku ta turo ruwa cikin kogi, yakan sauka matakalar ƙofar, ya kamfata da tafin hannu, ya kurɓa. In ya haɗiye, ya buɗe wa magudanarmu. In ya ji gishiri ya tofar, ƙofa tana rufe, ko wane ne ya zo.

Ina wurin ranar da Alhaji Sobhan, mai gonakin jatan lande, wanda ruwan gishiri yake so, ya zo masa da kwando shaƙe da jatan lande.

"Mofiz ɗan'uwana, awa ɗaya tak. Kifi dai ba zai kai ƙararka ba."

"Kurɓi tukuna, Alhaji. In ka haɗiye, na buɗe."

Alhaji ya kurɓa, ya feso shi har kan takalminsa. Mata masu wanki suka yi ta shewa.

Ƙauyen gabanmu sun buɗe tasu ƙofar. Yau a can taru ba ya fito da komai sai kaguwa, ga ruwan gonakin mai warin magani. Mu kam har yanzu muna samun kifi iri tara. Ina yaro, iri ashirin mahaifiyata take warewa a faifai, tana kiran kowanne da sunansa: koi, tengra, shol. Wasu sunayen sun bi ta kabari.

Kawu, kai ne ka riƙe mana kifi iri taran nan da harshenka, har gwiwoyinka suka gaji da matakala.

Ɗana Shohag, da ya yi aure bara, ya ce mini, "Baba, ranar da shol ya ɓace, birnin Dhaka zan tafi tuƙa keken haya." Na kai wa Kawu kukana.

"Turo min shi," in ji shi. "Harshe ake nema, ba takarda ba."

Mako biyu ke nan yana zuwa. Jiya sun kurɓi ruwa ɗaya: shi ya haɗiye, Kawu ya tofar.

Mun gode, Kawu, Allah ya saka da alheri. Ku kuma matasa, ku sauka matakalar nan ku koya tun yana iya tsayawa kusa da ku.

Hukuma ba ta faɗi wanda zai gaje shi ba. Ni kuma ban sani ba ko damina mai zuwa za ta tarar da Shohag a gida.