Saƙon Inna a Ƙofar Tashar Ikko

Mun tashi daga Tudun Wadar Zariya ana idar da sallar asuba, ni da ƙanena da zai hau jirgin ruwa zuwa Ingila karatu. Inna, wadda ta daina amsa gaisuwarsa saboda tafiyar nan, ta ja ni bakin zaure ta ce, "In za ku rabu, ka ce masa na yafe, na sa masa albarka."

A jirgin ƙasa aka cusa mu kamar awaki. Muna ƙetare gadar Jaba ta kogin Kwara tuwo ya ƙare, sai doya da manja da barkonon da ya sa ɗan bokon namu hawaye. Sau da yawa maganar Inna ta zo mini baki na haɗiye, don a wurinmu ba a sallama sai inda rakiya ta ƙare.

Ikko gumi ce da hayaniya, ruwan sha ma sai ka saya. Mai masaukinmu, wani dattijo mai sayar da goro, ya ce da can tsibirin masunta ne. Daga baya jiragen bayi suka riƙa lodi a nan, sannan Turawa suka zo da igwa suka ci garin, suka gina tasha. Yanzu da wuya ƙasar da jirginta ba ya zuwa. Na gani da idona a Apapa, inda tashar jiragen ruwan take, audugarmu da gyaɗarmu da fatunmu, ƙugiya na ɗaga su sama.

Ran tafiya, a ƙofar tasha wani ɗan sanda, Bahaushe ɗan'uwana fa, ya tokare ni da kulki. "Malam, fasinja kaɗai."

Na ce kalma biyu ce zan faɗa wa ƙanena. Ko kallona ɗan sandan bai yi ba. Turmutsutsu ya riga ya tafi da ƙanena, akwati a ka. Na ƙwala masa kira har muryata ta dishe, ƙarar injuna ta cinye, bai waiwayo ba. Ina tsaye aka wangale ƙofar nan motar gyaɗa ta shige. Wallahi raina bai taɓa ɓaci irin na ranar ba.

Da haushin na dawo Zariya. Abin da na koyo shi ne, garin da aka gina don fitar da kaya bai san rakiya ba. Duk mai raka nasa can, ya yi sallama tun daga gida.

Ina shiga Inna ta ɗago kai. "Me ya ce da ka faɗa masa?"

Na durƙusa na gaishe ta, na sake gaishe ta, na shiga tambayar lafiyar maƙwabta.