Ranar da Na Ji Sunana a Bakin Inna

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka na girma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in da wani take magana kuma ta ce "waccan". Na yi aure, na zo London, na kama aikin nas, duk ina nan a waccan. Ban ɗauke shi komai ba, ko dai in ce na koya wa kaina kada in ɗauka.

Shekarar da aka yi mata aikin gwiwa ta zauna da ni a Lewisham. Ina sama, a ƙasa kuma wasu makaɗa ne su uku, maza biyu da wata Baturiya mai askakken kai. Na ce makaɗa ne don ban san me zan kira su ba. Ba ganga ba garaya, sai na'urori da wayoyi kamar shagon mai gyaran rediyo. Abin da ke fitowa daga ɗakinsu kuwa, ka rantse maƙera ne suke faɗa aka rasa mai raba su. Aikinsu bin gari da rikoda suna ɗaukar ƙarar jirgin ƙasa da ta motar shara, su dawo su yanka su jera, su fitar a faifai, wai mutane su yi rawa.

Inna ba ta yarda da yajin inji ba. Sai da na nemo mata ɗan turmi a kasuwa, kullum da hantsi ta sauka lambun baya ta zauna a kujera tana daka. Wata rana ina wurin aiki, Baturiyar ta zo ta nuna turmin, ta nuna rikodarta. Inna ba ta jin Turanci, kuma ba za ta iya hana maƙwabciyar da ke ɗaukar mata kaya a matakala ba, sai ta gyaɗa kai. Ita kuma ta ɗora rikodar a kan katanga ta shige ɗaki, wai don kada ta takura mata. Inna ta duba ba ta ga kowa ba, ta ɗauka an gama. Sai ta kama waƙa.

Faifan farko bai dame ni ba. Sun daddatsa komai, sai dum dum ɗin taɓarya da ihun ƙarfe. Har tsokanar Inna na yi, na ce turminta ya riga ni yin suna a Ingila. Bayan wata uku suka sake fitar da shi cikin wani salo mai taushi, irin wanda ake sa wa a shagon kaya. Ina hutun rana wata ƙawata ta Dagenham ta kira ni.

"Ke, kin ji track ɗin da ake ta sharing a group? Wallahi muryar Innarki ce, I'm telling you."

A tsaye na saurara, abincina yana cikin injin ɗumama. Kiɗa ya yi ƙasa, sai ga muryar Inna ƙarara. Ta kira sunana cikakke, ta ja shi, har sau uku. Tana cewa Allah ya sauƙaƙa wa 'yarta tsayuwar yini, ya huce mata ƙafafu. Shekarata arba'in da huɗu. Na shiga ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa na yi kuka, da na gama kuma raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba.

Da na koma gida, ko takalmin aiki ban cire ba na buga wa makaɗan ƙofa. Baturiyar ta fito da fara'arta, ta ce ai ta nemi izini, kuma ba ta taɓa ɗaukar abu mai kyau kamarsa ba. Na ce turmi ta nuna, ba bakin tsohuwa ba. Na tambaye ta ko ta san abin da waƙar ke cewa. Ta ce a'a, amma ta ji shi a ranta. Ka ji fa! Wata uku suna juya muryar uwata, suna ƙara mata amo suna rage mata, ba wanda ya hau matakala goma sha huɗu ya tambaye ni ma'anar kalma ɗaya. A bayanin waƙar sun rubuta wai muryar gargajiya daga Afirka ta Yamma, kamar kukan tsuntsu suka ɗauko a dawa. Na yi mata bayanin alkunya da Turancin da fushi ya bar mini. Ta yi jajir, ta ba da haƙuri, cikin mako suka sauke waƙar.

Amma aikin gama ya gama. Ranar wani suna a Dagenham, wata mata ta matso kusa da Inna da wayarta, ita a ganinta daɗi za ta sa ta ji.

"Hajiya, ashe haka kike ji da 'yar nan? Kin ga kin yi trending!"

Falo ya ɗauki dariya da guɗa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta, haka ta zauna har aka watse. Da muka shiga gida ta tsaya tana kallon bango ta ce, "A ba wa wani turmin nan." Ba ta sake sauka lambun ba, kuma saura mako biyu ta koma ganin likita ta sa aka sauya mata tikiti ta tafi Kano.

Na sa makaɗan sun goge komai a gabana, har ainihin ɗaukar. Na bi matan group ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su goge nasu. Ta wayata ce kawai ban taɓa ba. Ni da na tsaya a ƙofar mutane ina yi musu ihu a kan sata, ni ce nake toshe kunne da ita a bas ɗin safe, in kai ƙarshe in dawo farko. Na san da Inna za ta sani, gara mata a ce na mare ta. Sau biyu ina kai yatsa zan goge, na kasa, kuma har yau ban yafe musu ba.