Launin Alkyabbar Jarumi

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda suka bi iska, amma rigimar da aka yi a Agiye a kan launin alkyabbar wani jarumin majigin zane, wannan kam tana nan daram a raina, kuma ba na jin akwai ranar da za ta goge.

Lokacin an kammala babban taron ƙasa, an buɗe ƙofar jam'iyyu, ana shirin zaɓe. Kowace jam'iyya da launinta, kuma mutane sun ɗauki abin da zafi, har mutum kan yi tunani kafin ya zaɓi hular da zai sa ranar kasuwa. Mu 'yan kolej kuwa yajin aiki ya zaunar da mu gida. Ba mu da abin yi sai shan shayi a fada, wato majalisarmu ta samari, da kallo a gidan bidiyon kawuna, ƙanen mahaifiyata. Wani zaure ne babba kusa da tasha, wanda wani Alhaji ya ba shi haya. Da shi kawu yake ciyar da iyalinsa.

Abin da ya fi tara jama'a bayan la'asar shi ne majigin wani jarumi mai tashi sama, wanda muka laƙaba wa suna Mai Alkyabba. An ce na yara ne, amma magidanta ne ke cika tabarmar gaba. Wani direba ke kawo kaset ɗin daga Katsina, kuma wanda ya samu shi yake ɗaukowa, ba a jere ba. Turancin ba ma jin sa. Saboda haka duk giɓin da muka tarar a labarin, mu muke cike shi da bakinmu. Sai a kashe aminin jarumin yau, mako mai zuwa mu gan shi da ransa yana dariya. Shugaban fadarmu ya ce masu kallo ne suka yi wa kamfanin da ke shirya majigin bore har ya dawo da shi. Wani ya ce a'a, mai zanen ne ya yi faɗa da mai kamfani, kowa na zana nasa. Ba wanda ya taɓa kawo cewa kaset ɗin baya ne ya riga na gaba zuwa. Wannan bayanin ya yi mana sauƙi da yawa.

Akwatin talabijin ɗin kawu baƙi da fari ne, don haka alkyabbar toka-toka muke ganinta. Amma duk garin ya san shuɗiya ce, domin wani ɗan kamasho a tasha ya rantse ya gan ta da launi a Katsina. Jam'iyyar da ta fi ƙarfi a unguwarmu kuwa shuɗi ne launinta, kuma Alhaji mai zauren shi ne jagoranta a wajen. Nan da nan matasanta suka mai da jarumin nasu. In ya naushi mugu, sai zauren ya ɗauka da kirarin jam'iyya.

Bayan kaka, kawu ya sayar da ayar da ya noma, ya haɗa da bijiminsa guda, ya je Maradi ya sayo akwati mai launi. Ranar da za a fara kunna shi, har ta taga mutane ke leƙe. Aka tayar da gurup, injin ba da wuta, hoto ya fito, jarumi ya keto gajimare. Alkyabbarsa ruwan goro ce, tas, launin babbar abokiyar hamayya.

Kowa ya juyo yana duban kawu. Can wani daga baya ya ce, "Kai, mai gida, mi ne ne wanga?"

Kawu ya ce, "Mi fa? Ga launi nan kun samu."

"Wa ya sauya mashi riga?"

"Ni tela ne? Yadda ya zo haka na sa."

Ɗan kamashon ya miƙe ya ce, "Wallahi shuɗiya na gani da idona. An taɓa abin ga."

A fada ranar ba a sha shayi cikin natsuwa ba. Shugaban fada ya ce ba shakka an sayar da kamfanin, sababbin masu shi suka sauya kayan. Wani ya ce wannan alama ce za a kashe jarumin a kawo ƙanensa. Wani da ke sauraren rediyoyin waje ya rage murya ya ce Turawa ba sa yin abu a banza, saƙo ne suke aiko mana game da wanda suke so ya ci zaɓe. Na tambaye shi ko masu zanen sun ma san akwai wani gari Agiye a duniya. Ya dube ni ya ce, "Kai dai ɗan 'yar'uwarsa ne, dole ka ce haka." A nan na gane zancen ya tashi daga kan kamfani ya sauka kan kawu.

Kafin gari ya waye labari ya yi ƙafa. An ce 'yan ruwan goro ne suka saya masa akwatin. An ce an gan shi a Cadawa yana sauka daga motarsu, alhali motar haya ce ta lalace da su a can. Har bijimin da kowa ya ga an ja zuwa kasuwa aka ce na rufe ido ne. Su kuma 'yan ruwan goro, maimakon su ƙaryata, sai suka fara zuwa kallo a ƙungiya, suna tafi, suna ce wa kawu "namu". Wannan ya fi komai yi masa illa.

Sai ga Alhaji da kansa, da hantsi, ya tsaya a bakin zaure bai ko cire takalmi ba. Kawu ya durƙusa ya gaishe shi.

Alhaji ya ce, "Ni na ba ka wurin ga don ka ci abinci. Ban ba ka don a yi mani kamfen wata jam'iyya a cikin gidana ba."

Kawu ya ce, "Alhaji, Allah shi ja kwana, bari in nuna maka abu guda."

Ya ɗauko kaset mafi tsufa, wanda aka kalla har ya fara ja, tun kafin a san za a yi jam'iyyu. Ya sa shi. Jarumi ya fito da alkyabba ruwan goro. Ya sa wani, haka. Na tsaya ina kallon fuskokin waɗanda suka biyo Alhaji, ina jiran in ga kunya. Ban gan ta ba. Ɗaya daga cikinsu ya gyaɗa kai ya ce, "To ka gani, Alhaji. Ashe ba kaset aka taɓa ba, akwatin ne aka shirya. Komi ka sa mashi, launinsu zai ba ka."

Alhaji ya ce, "Ni ban san kan na'ura ba. Abin da na sani, mutanena ba su da kwanciyar rai. Kafin kasuwa ta zagayo, ko abin ga ya gyaru, ko ka nemi wani wuri."

Wani wurin babu shi. Duk mai zaure a garin yana da launinsa, kuma komawa wajen ɗaya ɓangaren tamkar amsa laifi ne. Na ba kawu shawara ya daina sa majigin kawai. Ya ce in ya daina, 'yan ruwan goro za su ce Alhaji ya saye shi, kuma rabin masu kallonsa don Mai Alkyabba suke zuwa.

Ranar kasuwa da la'asar zaure ya cika, kowane ɓangare ya zauna gefensa. Kawu ya zo gaban akwatin da ya ba da noman shekara da bijimi a kansa, ya kama maɓallin launi, ya murɗa shi a hankali a gaban kowa har ƙarshe. Sararin sama ya koɗe, alkyabba ta koma toka-toka. Ya ce, "Na gyara." Ya koma kan bencinsa, bai sake duban hoton ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki. Aka yi tafi daga gefe biyu. 'Yan shuɗi suka ce an cire sihiri, jaruminsu ya dawo. 'Yan ruwan goro suka ce ko an rufe, ai kowa ya riga ya gani. Alhaji ya bar masa zauren. Har aka yi zaɓe aka gama, sabon akwatin nan baƙi da fari yake nunawa, kuma a fada muka ci gaba da gardamar dalilin da ya sa kamfani ya yi kaza bai yi kaza ba.

Daga wannan na koyi cewa mai zargi ba hujja yake nema ba, domin duk wadda ka kawo masa zai mai da ita shaida a kanka. Hasashe a kan wasu mutane da ke can bayan teku ba ya ƙona su. In ya rasa inda zai sauka, a kan maƙwabci yake sauka. Shi ya sa har yau, in na ji an ce "ai akwai dalilin da ya sa suka yi haka", nakan fara tambayar wanda ya gani, sannan in duba wa ke kusa da zai biya kuɗin sabulu.