Ranar da Na Ƙi Ɗaga Hannu

Lahadin farko bayan an gama cirar gyaɗa ne, shekarar da na shiga aji uku, a 'yar majami'armu ta jinka da ke ƙauyenmu kusa da Tsafe. Malamin makarantar Lahadi ya tambaye mu wa ke son rai madawwami. Yara duka suka ɗaga hannu, ni kuwa na soke nawa tsakanin cinyoyi. Ya maimaita har sau uku, na ƙi. Ya sa ni durƙuso a rana har aka tashi.

Ina da dalilina. Da bazarar nan aka binne Baba, kuma a bakin kabari na ji fasto ya ce ya tafi rai madawwami. Sai na ɗauka wani gari ne gaba da Gusau, wanda duk ya je ba ya dawowa. Tun tafiyarsa aiki ya dawo kanmu: ɗiban ruwa daga rafi, ɓarar gyaɗa har yatsu su tsage, yankan ciyawar akuya. Ko gaɗa na daina fita. Ban ga abin so a garin da ya ƙwace mana Baba ba.

Na iske Inna tana matsar tunkuza, mai na bin gwiwar hannunta. Labari ya riga ni gida. Ba ta dake ni ba, sai ta ce in riƙe mata kwano. "Ɗiyata, ba gari ba ne," in ji ta. "Zama ne da Ubangiji, kuma babanki tun yana huɗa ya fara shi. Ni ma ina ciki yanzu haka." Daga nan na soma lura da yadda take magana da Yesu a bakin murhu, kamar maƙwabcin da ya saba shigowa. Har ƙarar tsadar gishiri takan kai masa.

Yau ina ɗinki a Gusau. Ƙauyen ya watse saboda 'yan bindiga, gonarmu ta koma daji, Inna ma ta rasu. Addu'ata gajeriya ce, a tsaye, sau da yawa barci ke ƙarasa ta. Na fi Inna karatu nesa ba kusa ba, amma ban taɓa sakewa da Allah kamar yadda ta sake ba.