Burodin da Vukashin Ke Kira Wata

Maƙwabcina Vukashin, tsohon maƙeri, ba ya kiran abu da sunan da kowa ya sani. Akuyarsa Gwamnati ce, don takan cinye komai ta ba da madara cokali biyu. Bencin da ke gindin bishiyar tuffarsa shi ne ofis. Burodi mai zagaye kuwa, irin wanda marigayiya matarsa Zorka ke gasawa, wata ne, kamar na sama. Mu 'yan ƙauye mun saba, har mai gidan burodi kan tambaye shi, “Wata nawa yau?”

Wanda bai saba ba shi ne ɗansa Nenad, da ya shekara ashirin a birnin Belgiret. Ya zo hutu, ya ji tsohon na cewa Gwamnati ta yi masa kashi a ofis. Washegari ya dawo da likita da takardar kai shi gidan tsofaffi. Ihun da na jiyo ne ya sa na tsallaka shinge.

Likitar ta ɗaga burodi. “Baba, mene ne wannan?”

“Wata.”

“Kin ji ko?” in ji Nenad. “Kansa ya juye.”

“Naka ne ya juye, ɗan banza mai takalmin birni!” Vukashin ya daki tebur. “Yarinya, na san abin da kuke kiransa. In na faɗa, Gwamnati ta ci hulata!”

Na raɗa masa ya faɗa kawai a wuce wurin, a kan gidansa fa ake magana.

“Kai ma rufe min baki!” Ya nuna ɗansa da yatsa. “Tambayi wancan wa ya raɗa sunan. Yana shekara uku, ya kwana tara da zazzaɓi, ko ruwa ba ya haɗiya. Uwarsa ta ciro burodi daga tanda, ya miƙa hannu ya ce a ba shi wata. Ya ci, ya tashi. Tun ranar ba a sake kiransa wani abu ba a gidan nan. Shekara arba'in ina riƙe masa kalmarsa, shi ya yar, wai ni ne mai mantuwa!”

Likitar ta ninke takardar ta mayar jaka. Nenad ya daɗe yana kallon takalminsa.

“Baba, a ɗan gutsuro min wata.”

“Da kanka. Hannunka ya karye ne?”

Vukashin na nan a gidansa, fushin bai huce ba. Ɗan ma ya samu sabon suna: yanzu Baƙo yake kiransa. Amma Baƙo na zuwa duk Lahadi, kuma ana ajiye masa wuri a ofis.