Ranar da Baffa Sale Ya Riƙe Bonet

A gidanmu, wani ƙauye tsakanin Rogo da Ƙaraye, wutar Iya ita ce makarantarmu. Ni ban riƙe fensir ba sai da na aurar da 'yata ta fari, amma kafin in yi shekara goma na san abin da ke sa mutum ya ci amana, kuma a bakin murhun kakata na koya. Da an idar da isha sai ta tura ƙirare a wuta, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Ga wata tafe, ko takalmi babu." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

'Ya'yan Iya maza biyu ne, Baffa Sale da babana Ilu. Baffa Sale ne ɗan fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta zama inda yake. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. In Iya na da magana da shi, sai ta aiki ɗayanmu: "Je ki ce wa mutumin can." Haka kunyar ɗan fari take a wurinmu, ba wanda ya ga aibunta.

Kakanmu direban wani mai sayen gyaɗa ne, ya rasu ya bar wata baƙar mota ta zamanin da wadda maigidansa ya ba shi, mai ƙarfe kamar tukunyar ƙasa mai kauri. Baffa ya ce a sayar wa 'yan gwangwan. Baba ya ce sai ya tashe ta ta riƙa kai mutane kasuwar Ƙaraye. Bonet ɗinta kuwa, wato murfin injin, namiji ɗaya da ƙyar yake ɗaga shi, ga ƙarfen da ke tokare shi tsatsa ta cinye tun tuni. Wata rana Baba ya tokare da ƙotar fartanya, ya roƙi yayansa ya riƙe masa wani abu a cikin injin. Ƙota ta zame. Yatsu biyu na hannun daman Baffa ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Baba ya ce tsautsayi ne. Baffa ya ce wanda ke son mota shi kaɗai ya san abin da ya yi. Daga nan gaba ta shiga. Damina biyu suna fita ta zaure ɗaya, ko sallamar juna ba sa amsawa.

Ran wata kasuwar Ƙaraye, lokacin mulkin soja, Baba ya dawo da sabon ƙarfen tokare da wani maƙeri ya ƙera masa, da ƙusoshi gajeru masu kauri na kafe shi a jikin motar. Maƙerin ya ce sai an gasa su sun yi ja, a zura, a daddale kansu da guduma kafin su huce. Matsalar ita ce dole mai aikin ya kwanta da ƙirji a kan injin, wuyansa daidai bakin bonet, kuma duk itacen da aka tokara, dukan guduma zai zamar da shi. Sai dai mutum ya riƙe.

Baba ya ce bari ya kira maƙwabci. Iya ta ce, "Gida mai maza biyu ba ya aron kafaɗa." Ta juyo gare ni. "Hajara, je ki ce wa mutumin can ya zo ya riƙe wa ƙaninsa."

Na je na faɗa. Baffa ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya tashi. Umarnin uwa ne.

Iya ta sa aka kwaso garwashinta aka kai farfajiyar da motar take, wai a gasa ƙusoshin a ciki. Ta zauna ta ba motar baya, ta tara mu a gabanta. Ni aka ba maficin fifita wuta, don haka ina fuskantar komai. Baffa ya ɗaga bonet, ya tallafe da hannun hagu da tafin hannun nan da ya lalace. Baba ya dube shi, ya dubi bonet ɗin, ya yi bisimilla, ya cusa kai. Innarmu tana leƙe ta bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafi.

Sai Iya ta ce, "Ga wata tafe, ko takalmi babu."

Muka amsa a sanyaye. Da ta fara, muka dubi juna, don mun san wannan tatsuniyar. Ta wasu 'yan'uwa biyu ce masu haƙar rijiya. Ƙanin yana can ƙasa ɗaure da igiya, yayan yana sama yana riƙe. Sai wani tsuntsu ya sauka a bakin rijiyar yana waƙa: "Saki, saki, ɗan fari, wa ya sha nonon da aka hana ka?" Yayan ya kore shi. Tsuntsun ya dawo: "Saki, saki, wa ya kwana a bayan da aka sauke ka?" Duk lokacin da Iya ta ba mu ita a baya, a zuwa na uku yayan ke sakin igiya, kuma tun daga ranar duk ruwan da ya kai baki sai ya ji ƙarnin jini, har ƙishirwa ta kashe shi.

Baba ya miƙo hannu, na ɗauko ƙusa da awartaki na ba shi. Guduma ta fara. Kowane duka sai bonet ya girgiza, hannun Baffa ya girgiza tare da shi. Gumi na ɗiga daga gemunsa a kan rigar Baba.

Tsuntsu ya zo na uku. Yayan bai saki ba. Iya ta dawo da shi na huɗu, da wata waƙar da ba mu taɓa ji ba. Muryarta ta sauya, ta daina yi mana irin ta wasa. Ta ce, "Uwarsu tana bayan bukka tana jin tsuntsun nan. Ba ta da bakin kiran mai igiya. Amma ran da aka ɗauke shi daga bayanta, ta yi wata guda tana goya tabarya da dare don bayan ya daina yi mata sanyi. Duk ran da aka ce ba shi da lafiya, ba ta cin tuwo, sai ta ce cikinta ne. Ran da hannunsa ya ji ciwo, ita ta daka maganin, ta ce a ce daga maƙwabta ne."

Ni kuwa tun ina yarinya bakina ba ya da linzami. Na yar da mafici na ce, da ƙarfi, "Iya, ai ba haka take ba! Ai saki ya yi!"

Guduma ta tsaya. Baba yana ciki, bai motsa ba. Na ga bonet ya sauko kamar faɗin yatsa, gwiwar hannun Baffa ta lanƙwashe. Innarmu ta ce, "Innalillahi." Iya ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Ke kika haife su, uwar iyayi? Ɗauki maficinki."

Sai Baffa ya sa kafaɗa ya tura bonet ɗin sama. Ya ce, cikin haƙora, "Ilu, ka yi sauri. Hannun nan ba duka gare ni ba."

Maganarsa ta farko ke nan ga babana a damina biyu. Baba ya ce, "To, Yaya," ya ci gaba da duka. Da ƙusa ta ƙarshe ta huce, ya ɗaga sabon ƙarfen ya sa a gurbinsa. Baffa ya zare hannu a hankali, bonet ya tsaya da kansa. Iya ta ce, "Ta tafi, mai son saura ya bi ta daji," ta tashi ta shige, ba ta fito da kowa daga rijiyar ba.

Kada in yi muku ƙarya, ba su zama aminai ba. Motar ta yi shekaru tana zirga-zirga tsakanin Rogo da Ƙaraye, Baffa bai taɓa shigarta ba. Gaisuwa dai ta dawo. Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne a yafe, ko a ji tsoron alhaki, har nakan faɗa wa 'ya'yana haka. Kuma na daɗe ina jin haushin Iya, da ta yi caca da wuyan ubana.

Bayan rasuwarta, Baffa ya tsufa, na kai masa fura wata rana, na tambaye shi kai tsaye, don ni ban iya kewaye-kewaye ba. Na ce, "Baffa, tsakaninka da Allah, ranar nan ka yi tunanin saki?"

Ya ce, "Tun daga ɗagawa."

"To me ya hana ka?"

Ya juya ludayi a cikin ƙwarya. Ya ce, "Hajara, ina da furfura a lokacin, kuma ban taɓa jin uwata ta yi mini magana mai tsawon haka ba. In na saki, ai shiru za ta yi."